Osejawa da Cinikin Man Ƙarƙashin Ƙasarsu

Gabatarwa

A zangon karatun da ya wuce, wani abokina da muke ɗaki ɗaya ya kawo wani fim na Amurka mai suna Killers of the Flower Moon, wanda aka fitar a shekarar 2023, muka taru mu shida muka kalla a kwamfutarsa har dare ya raba. Fim ɗin labarin wata ƙabila ce ta 'yan asalin Amurka wadda Allah ya hore wa arzikin man fetur, aka bi 'ya'yanta ana kashewa ɗaya bayan ɗaya domin a ci gadonsu. Da aka gama kallo sai gardama ta kaure a kan irin mugunta da cin amanar da muka gani. Ni kuwa wani abu daban ne ya tsaya mini a rai. Na tambayi kaina, shin yaya aka yi mutanen da aka yi ta kora daga wannan daji zuwa wancan suka wayi gari manyan attajiran mai suna layi a ƙofarsu suna neman haya? Wane ne ya yi musu wannan ciniki, kuma da wace dabara?

Wannan tambaya ita ta zaunar da ni a laburare har tsawon hutu, abin da na tsinto kuma shi ne zan ɗan gutsura wa 'yan'uwana ɗalibai da malamaina a cikin wannan maƙala. Hausa nake karantawa, amma ai ciniki ba baƙon Bahaushe ba ne. Sunan ƙabilar ana rubuta shi Osage, ana faɗinsa Osej, su kuwa Wazhazhe suke kiran kansu. Bisa al'adar harshenmu zan kira su Osejawa.

Abin da nake son nunawa shi ne, a cinikin abin da ke ƙarƙashin ƙasa akwai tambayoyi uku da suka fi farashi muhimmanci: wa ke da abin, wa ke magana da yawun masu shi, kuma ta hannun wa kuɗin zai bi kafin ya iso gare su. Osejawa sun amsa biyun farko da kansu, suka ci riba. Ta ukun wasu ne suka amsa musu, ita ce kuwa ta ci rayukansu.

Yadda Hayar Ƙasar Mai Take a Amurka

Kafin mu shiga labarin, ya kamata mai karatu ya san wani abu da ya bambanta Amurka da yawancin ƙasashen duniya. A can, wanda ya mallaki gona yana iya mallakar abin da ke ƙarƙashinta, ko mai ne, ko iskar gas, ko kwal. Yana kuma iya raba su biyu, watau ya sayar da saman ya riƙe na ƙasan, ko ya sayar da na ƙasan ya ci gaba da nomansa a sama. Saboda haka tun daga 1859, sa'ad da Edwin Drake ya haƙa rijiyarsa a garin Titusville na jihar Pennsylvania, mai neman man fetur dole ya bi masu gonaki gida gida yana neman haya.

Takardar hayar takan ƙunshi abubuwa huɗu. Na farko shi ne kafin alƙalami, watau kuɗin da ake ba mai ƙasa ranar da ya sa hannu, ko an sami mai ko ba a samu ba. Na biyu wa'adi, shekara biyar ko goma, wanda a cikinsa ne kamfani zai haƙa. Na uku kuɗin jinkiri, wanda kamfani zai riƙa biya duk shekarar da ta wuce bai fara aiki ba. Na huɗu kuwa, wanda ya fi duka, shi ne kason mai ƙasa daga kowace gangar da ta fito, wanda bisa al'ada tumuni ne, watau ɗaya cikin takwas. Daɗin daɗawa, in aka dace da mai a cikin wa'adi, to haya ta ɗore ke nan muddin rijiya tana bayarwa, ko da shekara hamsin ne. Ashe sa hannun yini ɗaya yana iya ɗaure mutum har jikokinsa.

Manomi shi kaɗai yana da rauni ta fuska biyu. Da farko, wakilin kamfani ya san abin da aka samu a rijiyoyin da ke kusa, manomi bai sani ba. Sa'an nan kuma mai ba ya zama wuri ɗaya, gudana yake yi a ƙarƙashin ƙasa. A 1889 wata kotu a Pennsylvania ta kwatanta shi da naman daji, wanda duk wanda ya kama a gonarsa ya zama nasa. Ke nan in ka ƙi sa hannu maƙwabcinka ya sa, ta rijiyarsa za a tsotse naka. Da wannan barazana aka sha karɓar haya a arha.

Su Wane ne Osejawa?

Kafin zuwan Turawa, Osejawa suna riƙe da ƙasa mai faɗin gaske a inda a yau jihohin Missouri da Arkansas da Kansas da Oklahoma suke, suna noman masara suna farautar ɓauna. Bayan da Amurka ta sayi wannan yanki daga Faransa a 1803, sai aka shiga matsa musu. A yarjejeniyoyin 1808 da 1818 da 1825 suka rabu da kusan eka miliyan 100, aka bar musu wani ɗan tsiri a kudancin Kansas. Can ɗin ma ba su tsira ba, domin da yaƙin basasar Amurka ya ƙare a 1865 sai baƙi fararen fata suka kwararo suna kafa gonaki a kansa ba da izini ba.

A 1870 suka yarda su tashi, amma da sharaɗin a sayar da ƙasarsu ta Kansas a kan dala ɗaya da kwata kowace eka, a ajiye musu kuɗin. Daga cikin wannan kuɗi suka sayi kimanin eka 1,470,000 daga ƙabilar Cherokee, a kan santi 70 kowace eka, a yankin da daga baya ya zama arewacin Oklahoma. Ƙasa ce mai tuddai da duwatsu, garma ba ta shiga sosai, an kuma ce dattawansu da gangan suka zaɓe ta, don suna ganin Bature ba zai yi kwaɗayinta ba. Sun sha wuya bayan ƙaura, yunwa da cututtuka suka kashe jama'a da yawa, ɓauna kuma ta ƙare. Duk da haka sun sami abu guda wanda yawancin ƙabilu ba su samu ba: ƙasarsu saye suka yi da kuɗinsu, da takarda, ba gwamnati ce ta zaunar da su a kai ba. Wannan takarda ita ce tushen duk abin da ya biyo baya.

A wannan zamani ne wani mutum mai suna James Bigheart ya fito. Ya yi karatu a makarantar mishan ta Katolika a Kansas, ya yi soja a yaƙin basasa, yana kuma jin harsuna da dama, har da Ingilishi da Faransanci. Shi ne kan gaba wajen rubuta wa ƙabilar tsarin mulki a 1881, daga baya ya zama shugabanta.

Cinikin Farko: 1896

A watan Maris na 1896 majalisar ƙabilar, a ƙarƙashin Bigheart, ta ba wani Bature mai suna Edwin Foster hayar ƙasar Osej baki ɗayanta har shekara goma. Abin da za a ba ƙabila shi ne ushiri, watau ganga ɗaya cikin goma, da dala 50 a shekara a kan kowace rijiyar iskar gas da ake amfani da ita. An dace da rijiyar farko mai bayarwa a watan Oktoba na 1897.

In muka duba da idon yau, wannan ciniki ya yi arha ƙwarai. Mutum ɗaya ya kama ƙasa mai kusan eka miliyan ɗaya da rabi, babu wanda ya yi takara da shi, kason ma bai kai tumunin da aka saba ba. Amma kada mu yi saurin zargin dattawan, domin a lokacin cinikin biri a sama ne, babu wanda ya san ko akwai mai, babu kuma layin dogo ko bututun da zai kai shi kasuwa. Da aka sami hanyar fitar da shi, sai magadan Foster suka kafa kamfani suka shiga yanka ƙasar suna ba wasu haya a ƙarƙashinsu, su karɓi kafin alƙalami da kaso mai tsoka, su miƙa wa ƙabila ushirinta. Alal misali, a 1903 wani lauya mai suna George Getty ya karɓi eka 1,100 a kan dala 500 kacal, daga nan ne kuma arzikin gidan Getty ya faro.

Abin da ya ceci Osejawa shi ne hayar tana da wa'adi. Da aka zo sabuntawa, a 1905 Majalisar Dokokin Amurka ta rage ta zuwa eka 680,000, aka ɗaga kaso daga ushiri zuwa tumuni, kuɗin rijiyar gas kuma ya koma dala 100. Da a ce sayarwa suka yi, da zance ya ƙare tun 1896.

Dokar 1906

Ana cikin haka sai wata babbar barazana ta taso. Tun 1887 gwamnatin Amurka ta kafa dokar da ake kira ta Dawes, wadda ta ce a daina barin ƙabilu suna mallakar ƙasa a dunƙule. A yanka wa kowane magidanci eka 160, abin da ya saura kuwa a buɗe wa fararen fata. Ta wannan hanya ƙabilu suka yi asarar miliyoyin ekoki. Da yake Osejawa sayen ƙasarsu suka yi, dokar ba ta hau kansu kai tsaye ba, sai da yardarsu. Gwamnati ta yi ta matsawa, har ta rushe majalisarsu a 1900, domin tana son ta haɗa yankin ta yi jihar Oklahoma.

Da Bigheart ya ga ba makawa sai an yanka, sai ya koma ga jan ciniki. Shi da wani lauya mai suna John Palmer, wanda Osejawa suka riƙa tun yana yaro, da sauran wakilai, suka yi ta kai da kawowa zuwa Washington. Abin da suka samo shi ne dokar ranar 28 ga Yuni, 1906, wadda ta ƙunshi abubuwa uku.

Na farko, ƙasar duka za a raba ta ne tsakanin Osejawa kawai, babu rarar da za a buɗe wa baƙi. Aka ƙidaya mutum 2,229, maza da mata da jarirai, kowa ya tashi da eka 657. Na biyu, wanda shi ne zuciyar al'amarin, saman ƙasa kaɗai aka raba. Mai da gas da kwal da duk wani ma'adini sun zauna mallakar ƙabila a dunƙule har shekara 25. Na uku, duk kuɗin da ya shigo daga ma'adinai za a kasa shi 2,229 daidai wa daida. Wannan rabo shi zan kira kason kai. Ba a sayar da shi, ba a kuma ƙara yawansa, sai dai a gada.

Domin mu gane hikimar wannan, mu dubi maƙwabtansu na ƙabilar Creek, waɗanda aka yanka wa kowa tasa har da abin da ke ƙasa. A 1905 aka sami wani babban tafkin mai a gonar wata mace mai suna Ida Glenn. Wanda gonarsa ta faɗa a kan tafkin ya yi kuɗi, wanda tasa ta kauce da mil kaɗan ya tashi a tutar babu, kuma kowa shi kaɗai ya fuskanci wakilan kamfanoni. A ƙasar Osej kuwa ko a gonar wa rijiya ta fito, rabo na kowa ne. Babu wanda za a ja gefe a tsorata shi da sa hannun maƙwabci, domin mai ba da haya ɗaya ne. Tsintsiya ce ɗaurinta ɗaya. Bigheart bai ga ƙarshen abin da ya shuka ba, ya rasu a 1908.

Gwanjo a Gindin Bishiya

Tun da mai sayarwa ya zama ɗaya, masu saye kuwa da yawa, sai ciniki ya juya. Daga 1912 aka fara yin gwanjon hayar filayen da ba sa cikin hannun kamfanin Foster. Da wa'adinsa na mai ya cika a 1916, sai gwanjo ya zama shi ne hanya. Ana yanka ƙasa eka 160 160, wanda ya fi taya kafin alƙalami shi ke ɗauka. Kaso kuma ya hau zuwa sudusi, watau ɗaya cikin shida, inda rijiyoyi ke bayarwa da yawa har humusi.

Ana yin gwanjon ne a garin Pawhuska, hedikwatar ƙabilar, in da zafi a gindin wata babbar bishiya da ke kan tudu kusa da ofishin wakilin gwamnati, wadda daga baya aka laƙaba wa suna bishiyar miliyan. Mai kiran gwanjon wani ne Ellsworth Walters, ladansa dala 10 a yini. A gabansa manyan attajiran mai na zamanin, irin su Frank Phillips da William Skelly da Harry Sinclair da E. W. Marland, sukan zauna suna ɗaga wa juna farashi, Osejawa na gefe lulluɓe da bargunansu suna kallo.

A 1920 Marland ya dace da tafkin mai na Burbank a yammacin ƙasar, daga nan farashi ya haukace. A 1922 aka fara sayar da fili ɗaya sama da dala miliyan guda. A watan Maris na 1924 wani kamfani ya biya dala 1,990,000 a kan eka 160. Mai karatu ya kwatanta wannan da dala 500 da Getty ya biya a kan eka 1,100. Gaskiya ne wani ɓangare na bambancin ya zo ne don yanzu an tabbata akwai mai, amma da babu takara da kamfanoni ne za su cinye amfanin wannan tabbaci. A 1923 kaɗai ƙabilar ta sami fiye da dala miliyan 30. A 1925 kowane kason kai ya kawo dala 13,200, a lokacin da sabuwar mota ƙirar Ford mafi arha ba ta kai dala 300 ba. Jaridun Amurka suka shiga kiransu mutanen da suka fi kowa kuɗi a duniya.

Ɓarakar da Aka Bari

Masu iya magana sun ce sai bango ya tsage ƙadangare ke samun wurin shiga. Bangon Osejawa ya tsage a wuri biyu.

Tsaga ta farko ita ce riƙon kuɗi. Kuɗin mai ba ya zuwa hannun ƙabila kai tsaye, baitulmalin Amurka yake shiga, daga can a biya kowa sau huɗu a shekara. A 1921 Majalisar Dokoki ta ce wai Osejawa almubazzarai ne, ta kafa doka cewa wanda ba a ba shi takardar shaidar iya riƙon dukiya ba, ba zai karɓi fiye da dala 1,000 a wata uku ba. Wajen ba da takardar kuwa yawan jinin ƙabila a jikin mutum aka fi dubawa, ba hankalinsa ba. Kotunan yankin suka naɗa wa ɗaruruwan mutane mariƙa daga cikin fararen lauyoyi da 'yan kasuwa. Dattijo mai jikoki sai ya nemi izinin mariƙinsa kafin ya taɓa kuɗinsa. Mariƙi kuwa ya yanki ladansa, ya tilasta masa saye a kantinsa ko na abokinsa a kan farashi ninki, ya ba kansa rance daga dukiyar. An ba kura ajiyar nama ke nan.

Tsaga ta biyu ita ce gado. Dokar 1906 ta hana sayar da kason kai, amma ta bar gadonsa bisa dokar jiha, wadda ba ta bambanta magaji ɗan ƙabila da bare ba. Ma'ana, abin da ba ya samuwa da kuɗi yana samuwa da aure da mutuwa.

Abin da ya sami gidan wata mace mai suna Mollie ya ishe mu misali. Ta auri wani Bature, Ernest Burkhart, wanda kawunsa William Hale babban mai kiwon shanu ne da ke nuna shi masoyin Osejawa ne. A watan Mayu na 1921 aka tsinci gawar yayarta Anna Brown da harbi a ka. Bayan wata biyu mahaifiyarsu Lizzie ta rasu, ana zaton guba aka ba ta. A Fabrairun 1923 aka harbe wani danginsu, Henry Roan, wanda Hale ya yi wa inshorar rai ta dala 25,000 da sunan kansa. A watan Maris na shekarar aka tarwatsa gidan ƙanwarta Rita da nakiya, ta mutu ita da mijinta da 'yar aikinsu. Da haka kason gidan ya yi ta taruwa a hannun Mollie, ita kuwa mijinta ne zai gaje ta, kuma an riga an fara ba ta guba.

Hukumomin yankin ba su taɓuka kome ba, waɗanda suka yi yunƙurin tona asiri ma wasu an kashe su. Sai da majalisar ƙabilar ta kai kuka Washington, ta kuma biya wani ɓangare na kuɗin binciken daga aljihunta, sa'an nan hukumar binciken tarayya, wadda daga baya ta zama FBI, ta shigo. A 1926 Ernest ya amsa laifinsa. Hale ya sami ɗaurin rai da rai, amma aka sake shi a 1947. Lissafin hukuma ya tsaya a kan kisa 24, masu bincike na baya kuwa suna ganin adadin ya zarce haka nesa, domin mutuwa da yawa ba a taɓa bincikarta ba.

Bayan Ƙura Ta Lafa

A 1925 Majalisar Dokoki ta toshe tsagar gado, ta hana bare gadon kason wanda jininsa na Osej ya kai rabi. Amma abin da ya fita ya fita, har an ƙiyasta cewa kimanin rubu'in kason kai ya koma hannun waɗanda ba Osejawa ba, ciki har da coci coci da makarantu da kamfanoni. Farashin mai ya faɗi a farkon shekarun 1930, kason kai ya sauko ƙasa da dala 1,000 a shekara. Saman ƙasar ma yawancinsa ya suɓuce zuwa hannun fararen makiyaya.

Abu ɗaya bai suɓuce ba, shi ne abin da Bigheart ya ƙi yarda a raba. Wa'adin shekara 25 da zai cika a 1931, wanda masu sayen gonaki suke jira don na ƙasan ya zama nasu, ƙabilar ta yi ta neman a tsawaita shi, aka kai shi 1946, sa'an nan 1958, sa'an nan 1983, har a 1978 aka mai da shi na dindindin. Maganar riƙon kuɗi ma ba su bar ta ba. Sun kai gwamnatin Amurka ƙara cewa ba ta karɓo musu cikakken kasonsu daga kamfanoni ba, ba ta kuma juya ajiyarsu yadda ya kamata ba, a 2011 gwamnati ta yarda ta biya dala miliyan 380. A 2016 suka sayo eka 43,000 na tsohuwar ƙasarsu daga attajirin nan Ted Turner. A Disambar 2023 kuma wata kotun tarayya ta yanke hukuncin a cire manyan fankoki 84 na samar da lantarki daga iska, saboda kamfanin da ya kafa su ya karɓi haya daga masu saman ƙasa, amma ya haƙa duwatsu ya yi amfani da su ba da izinin masu na ƙasan ba. Sharaɗin da aka rubuta a 1906 ne ya yi aiki bayan shekara 117.

Kammalawa

Wani zai ce, to mu ina ruwanmu, tun da dokarmu daban ce? Gaskiya ne. A Nijeriya dokar man fetur ta 1969, da sashe na 44 na tsarin mulkin 1999, sun damƙa duk wani ma'adini a hannun Gwamnatin Tarayya. Dokar amfani da ƙasa ta 1978 kuma ta sa in an karɓi gonar mutum, diyyar abin da ya shuka ko ya gina ake ba shi. Manominmu ba shi da kafin alƙalami, ba shi da tumuni.

Amma tambayoyin nan uku ba su bar mu ba. A 2019 aka ba da sanarwar samun mai a Kolmani, kan iyakar Bauchi da Gombe, a Nuwambar 2022 kuma Shugaba Muhammadu Buhari ya je ya ƙaddamar da aikin. Dokar masana'antar mai ta 2021 ta wajabta wa kamfani ya zuba kashi 3 cikin 100 na kuɗin gudanar da aikinsa na shekarar da ta gabata a wani asusu domin al'ummar da ake haƙa a ƙasarta, ta kuma ba kamfanin ikon naɗa amintattun asusun bayan ya shawarci al'ummar. Wa zai yi magana da yawun waɗannan ƙauyuka? Baki ɗaya za su yi, ko za a bi su ɗaya ɗaya? Su wane ne mariƙan, kuma wa zai duba littafinsu? In ka ga gemun ɗan'uwanka ya kama wuta, shafa wa naka ruwa.

Abin da ya fi burge ni game da Bigheart shi ne ba shi da soja, ba shi da ƙuri'a a Majalisar Dokoki. Abin da yake da shi takardar sayen ƙasa ce, da harshen abokin cinikinsa, da haƙurin zama har a rubuta sharaɗin da yake so. Mu da muke karatun harshe ya kamata mu lura da wannan. Ranar da za a kawo wa dattawan wani ƙauye takarda da Ingilishin lauyoyi a ce su dangwala, wani ne daga cikinmu za a kira ya fassara musu. Allah ya sa a ranar mu faɗa musu abin da ke cikinta duka, har da abin da aka yi shiru a kansa. Allah ya sa mu dace, amin.